Tsingaron Gulbin Maraɗi

Mai son tsintar tsingaro a Gulbin Maraɗi lokacinshi gajere ne. Da damina ruwa ya cika kwari, ba mai shiga sai mai neman tsautsayi. In rani ya yi nisa kuwa, iska ta rufe komai da rairayi, shanu sun tattake, masu ɗibar yashi sun kwashe rabi a amalanke. Tsakanin nan ne, daga ƙarshen Satumba zuwa lokacin da aka gama kai gero rumbu, ruwa ya janye, gaɓa ta zube sabuwa, abin da ƙasa ta daɗe tana riƙe da shi ya fito fili.

Ni malamin lakwal ne, mushe kamar yadda ake kiranmu a nan, tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa, kuma mahaifina ya bar mana garka a fadama. Duk shekara nakan gaya ma yara cewa Maraɗin da muke zaune cikinta yanzu ba nan take ba da farko, sai su rubuta a littafi su manta. Abin da ya kai ni gulbi ke nan, ina son in samo abin da yaro zai riƙe a hannunshi.

Dalilin yawan tsingaro a wannan kwari a bayyane yake. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yi ta yawo har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819, kuma ko kafin zuwanshi akwai mutane a wurin. Gobirawa suka kafa Tsibiri a 1836, nan kusa, bakin gulbin nan dai. Tsohon birnin Maraɗi cikin fadama yake, da ganuwarshi, har zuwa ambaliyar 1945 da ta ci gari, Faransawa suka mai da mutane bisa tudu. Unguwanni suka hau da sunayensu, su Bagalam da 'Yandaka da Maraɗawa da Limanci, amma juji da toka da fasassun tukwane na shekara fiye da 120 suka zauna ƙasa, laka ta bi ta kansu. Kowane gida yana da randa, yana da tuluna, yana da tukunyar tuwo da ta miya, kuma duk ƙarshensu fashewa ne. Itace yana ruɓewa, ƙwarya da tabarma gara ta cinye, ƙarfe ya yi tsatsa. Yumɓun da ya sha wuta shi kaɗai ke zama.

Kayan aikina ba su da yawa: ledoji, guntayen takarda, bik na rubutu, ruwan sha, da wayar hannu don hoto. Ba na ɗaukar diga ko shebur, kuma da gangan ne. Nakan sauka da sassafe, don hasken da ke zuwa ta gefe yana fito da zane, rana tsaka kuwa komai fari yake. Kafin in taka gonar kowa sai na yi sallama. Wani dattijo mai lambun rogo da taba ya daɗe yana kallona ina duƙe-duƙe, sannan ya ce, "Mushe, lafiya dai? Ko zinari ya ɓace maka?" Da na nuna mishi abin da ke cikin leda sai ya yi dariya har da tafa hannu. Bayan ya gama dariyar shi ya kai ni wani lungu inda ya ce duk shekara in ya sa garma sai ta yi ƙara.

Wuri iri biyu ne ake samu, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin aikin duka. Akwai tsingaron da ke kwance bisa rairayin tsakiyar gulbi. Shi wannan matafiyi ne. Gulbin daga ƙasar Katsina ya taso, ya bi ta Jibiya, ya shigo ta wajen Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji kafin ya koma Najeriya. Ko da yake tun da aka yi madatsar Jibiya ruwan ba ya zuwa kamar da, in ya zo yana ɗauke da kayan garuruwan da ya ratso. Za ka gane matafiyi da gefenshi: ruwa da yashi sun goge kaifin, ya yi sumul, zanen ya dushe. Akwai kuma wanda ke maƙale jikin gaɓa, inda ruwa ya yanka ƙasa tsaye, ko wanda ya faɗo gindinta bai yi nisa ba. Shi gefenshi da kaifi, kuma yana tare da maƙwabtanshi. Wannan na biyun shi ke da labari.

Akwai wata gaɓa da ta ɗan fi tsayina, wadda na fi daɗewa a gabanta. Sama akwai ƙasar noma baƙa, cike da saiwa, da guntun roba da leda. Ƙarƙashinta laka ce tsantsa mai kauri, ba komai cikinta. Sai kuma wani layi siriri mai toka-toka, wanda bai fi faɗin tafin hannu ba, ya miƙe tsawon taku da yawa. Cikinshi gawayi ne, da ƙananan ƙasusuwa, da tsingaro kwance a bisa cikinsu, wasu baki na kallon waje. Wannan layi shi ne daɓen da mutane suka taka, ko jujin da suka zubar. Na ɗauki hoto daga nesa, na ɗauka daga kusa da bik a gefe don a ga girma, na auna zurfi daga sama. Abin da ya riga ya faɗo shi na tsince. Na cikin gaɓa na bar shi, don in ka zare guda sauran na biyo shi, kuma ƙasar gonar wani ce kake rushewa.

Kowane wuri da ledarshi, kowace leda da takardarta a ciki: rana, wuri, gonar da ke kusa, bisa rairayi ko gindin gaɓa. Wannan shi ne aikin da ya fi gundura, don hannu duk laka, takarda na jiƙewa. Amma leda biyu in suka gauraya ba mai sake raba su.

Wani abu kuma da duk ɗan ƙasar nan ya kamata ya gane da ido. In ka ga manyan katangun tukunya jere a kife, ɗaya bisa gefen ɗaya, tsawon kwanciyar mutum, to kabari ne. Inda itace ya yi wuya da fasassun tukwane ake rufe ƙaramin rami kafin a tura ƙasa. Na gamu da irin wannan a wata kwana ta gulbi. Na yi addu'a, na koma na shaida ma mai unguwar da ke kusa, su suka san yadda suka yi. Haka in ka ga 'yar tukunya cikakkiya a kife ita kaɗai. Wasu za su ce maka asiri ne, wasu su ce kayan 'yan bori ne, wasu su ce mabiyiya aka binne. Kowanne ne dai, mai ita bai ajiye don kai ba.

A gida nakan jiƙa tsingaron cikin ruwa kaɗan, in wanke da tsohon buroshin haƙori, a hankali, ba sabulu. Wanda ke da baƙin hayaƙi ko ƙanzo a ciki, da wanda aka shafa ma jar ƙasa, ba na gogewa, don abin da zan goge shi ne shaidar. In shanya a inuwa bisa buhu, kowane kashi da takardarshi. Uwargida ta yi magana a kan tabarmar da na ɓata, muka shirya. Daga nan sai rabo: baki gefe guda, wuya gefe guda, gindi, hannu, sai tarin guntayen ciki waɗanda su suka fi yawa kuma su suka fi ƙarancin magana. Baki shi ne mai daraja. Na zana da'irori a takarda, ɗaya cikin ɗaya, tazarar santimita guda-guda. In ka kifa guntun baki a kai kana matsawa har lanƙwasarshi ta hau layi daidai, ka san faɗin bakin tukunyar duka, ko da guntun bai fi yatsa uku ba. Bakin tulu ƙarami ne, na randa kuwa sai ka fita daga takarda.

Iyakar abin da takarda da awo suka ba ni ke nan. Sauran a wajen magina na same shi.

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye kudu da gari, bakin gulbi, wadda tun tana yarinya take ginin tukwane, a wajen uwarta ta gada. Na hau kabu-kabu da kwali a cinya, na kai mata goro da sabulu. Na zazzage leda guda a gabanta na ce, "Inna, karatu na zo." Ta ce, "Kai da ke koya ma yara? To zauna, ɗana."

Ba ta fara da zane ba, wanda ni shi ya fi ɗaukar mini ido. Karayar take dubawa. Ta ɗauki guntu ta juya gefen da ya karye wajen haske, ta kankare da farce. Yumɓu tsantsa ba ya ginuwa, yana tsagewa wajen bushewa ko ya fashe a wuta, don haka sai an haɗa shi da wani abu. Ta nuna mini ƙananan ramuka masu tsawo cikin karayar ta ce ƙaiƙayi ne, wuta ta cinye shi ta bar gurbinshi. Wani mai ramuka ƙanana ƙwarai ta ce kashin jaki ne aka tankaɗe. Wani kuma mai ɗigo-ɗigo ja masu ƙarfi ta ce tsohon tsingaro ne aka daka aka zuba. Tulu da randa ana son su da ƙaiƙayi don su riƙa tsatsafo, ruwa ya yi sanyi. Tukunyar dahuwa kuma ana son wadda za ta jure wuta yau da gobe. Wato tun daga karaya ta san me aka gina, kafin ta dubi siffa.

Na tambaye ta baƙin layin nan da ke tsakiyar karaya, ja a waje, ja a ciki, baƙi a tsaka. Ta ce, "Wuta ce ba ta kai zuciya ba." Gashin tukwane a nan a fili ake yi, da kara da kashin shanu da itace, wutar ta tashi da sauri ta mutu da sauri, don haka abin da ke tsakiyar yumɓun bai gama ƙonewa ba. Ko tukunyar da aka gasa jiya in ka fasa za ka ga haka.

Sai ta juya cikin guntayen tana shafawa da babban yatsa. Wani ta ce a bisa tukunya aka kifa shi: ana kife tsohuwar tukunya, a barbaɗa toka, a shimfiɗa yumɓu a kai ana bugawa har ya ɗauki siffa, in ya sha iska a cire a ɗora wuya da baki. Cikin irin wannan sumul yake, kuma akwai wurin da ya fi kauri inda aka haɗa sama da ƙasa, nan ne ma yakan karye. Wani kuma cikinshi duk 'yan lotsa-lotsa, bayanshi da sawun saƙa. Ta ce wannan a rami aka buga shi, bisa tabarma, ana juya dunƙulen ana dukan cikinshi, shi ya sa tabarma ta bar sawu a baya. Ni da na ɗauka ado ne. Ta riƙe shi jim kaɗan ta ce, "Wanga ba hannun gidanmu ba ne."

Wani guntu mai kauri da rami kamar tafin yaro ko dubawa ba ta yi ba ta ce tanda ce, har ta nuna mini inda mai ya shige ya yi baƙi. Wani mai baƙi a ciki, tsabta a waje, kaskon wuta ne. Mai baƙi a waje, cikinshi a goge fes da layuka, tukunyar tuwo ce, muciya da mara suka cinye ta. Ɗan dunƙulen nan mai huda a tsakiya da na ajiye gefe ina cewa dutsen ado ne, ta ce gululun mazari ne, ta kwatanta yadda kakarta ke kaɗi. Wani baƙin abu mai nauyi da ƙuraje ta ture shi da bayan hannu ta ce in kai ma maƙera, kashinsu ne, ba ruwan magina.

Da muka zo kan zane sai ta tashi ta ɗebo ɗanyen yumɓu. Ta murɗa 'yar igiya gajera, ta mirgina ta da tafin hannu bisa yumɓun, sai ga layukan ɗigo a karkace, irin waɗanda ke jikin rabin abin da na tsinto. Ta kitsa ganyen kaba ta mirgina, wani zane daban ya fito. Ta ce ba don kyau kaɗai ake yi ba, tulu jiƙaƙƙe in ba shi da kaushi sulluɓewa yake. Mai sheƙi kuma, jar ƙasa aka shafa aka goge da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare. A nan na samu dabarar da nake amfani da ita har yau: in zane ya rikita ni, sai in danna ɗanyen yumɓu a kai in ɗaga. Abin da ya lotsa a tsingaro sai ya taso a yumɓu, ka ga igiyar kanta, har ka gane ko dama aka murɗa ta ko hagu.

Tambayar da kowa ke yi mini ita ce shekara nawa. Mutane suna ɗauka mai kauri da kaushi shi ne tsoho. Ba haka ba ne, randar bana ta fi tukunyar miya ta zamanin sarkin Maraɗi Ɗan Baskore kauri. Siffar tulu kuma ba ta sauyawa da sauri, jika tana gina abin da kaka ta gina. Abin da ke taimakawa shi ne abin da aka samu tare da tsingaron, shi ya sa na gaɓa ya fi na rairayi. A gindin gaɓar nan mai layin toka na tsinci kan lofe, ƙarami, baƙi, da zane sirara kewaye da bakinshi. Taba daga Amurka ta fito, ba ta iso Afirka ta Yamma ba sai wajen shekara ta 1600, don haka duk inda lofe ya fito bai wuce nan ba a tsufa. Haka zanen totuwar masara, ita ma masara baƙuwa ce daga can, sai dai a yi hattara don akwai igiya mai ƙulli da ke barin sawu mai kama da nata. Na samu ƙwayar wuri, kuɗin da, guda biyu a wurin. Wuri daga tekun Indiya yake zuwa, ya zama kuɗin kasuwannin ƙasar Hausa a ƙarni na 18, ya mutu bayan da kuɗin Nasara suka kama ƙasa. Guntun tangaran ko kwanon sha mai fenti yana ja ka zuwa zamanin kantuna. Roba kuwa ta gama magana. A layin tokar nan akwai lofe, akwai wuri, babu roba ko guda, kuma laka ta rufe shi. Wannan ya dace da zaman tsohon gari, kuma abin da nake gaya ma yara ke nan, ba na ƙara ko shekara guda a kai.

Masu binciken kufai suna da abin da ya wuce ido. Suna auna gawayin da ke cikin layi ɗaya da tukunya a ɗakin gwaji, akwai kuma gwajin da ke nuna lokacin da yumɓun kanshi ya sha wuta na ƙarshe. Da awon gawayi aka gane cewa tukwanen Tagalagal, cikin duwatsun Abzin, sun haura shekara 9,000, suna cikin mafi tsufa a Afirka. Amma awon yana son a ɗauki abu daga inda yake kwance, da sanin abin da ke sama da abin da ke ƙasa. Wanda ya tona da shebur ya cika buhu ya kashe wannan hanya.

Na faɗi haka ne don wani ya taɓa tare ni a hanyar fadama, ya ji labarin mushe mai tara tukwane, yana tambaya ko ina da cikakkiya ko mai siffar mutum, akwai mai saye. Ƙasar nan ta ga abin da wannan ciniki ke yi. A Bura, can yamma wajen Tera, an gano maƙabartar tukwane a 1975, mai binciken kufai Boubé Gado ya yi bincike a wurin a 1983, kayan suka yi suna a Turai, sai 'yan tono suka afka ma yankin suka yi kaca-kaca da kufai masu yawa, har aka sa kayan Bura cikin jerin duniya na kayan tarihin da ke cikin haɗarin sata da fasa-ƙwauri a 2000. Nijar tana da doka tun 1997 mai kare kayan tarihi, tono ba izini laifi ne, fitar da su waje ba izini laifi ne. Masu hurumin bincike suna cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam (IRSH) ta Jami'ar Abdu Mumuni, wurin ajiya kuma gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Na gaya ma mutumin cewa abin da ke gare ni guntaye ne, kuma ko su ba na sayarwa ba ne.

Yanzu kwalaye uku ne a aji. Na farko na gaɓa ne, kowane guntu da lambarshi da na rubuta a gefen ciki, lambar kuma tana cikin littafi tare da wuri da zurfi da abin da Inna ta ce. Na biyu na rairayi ne, shi yara ke taɓawa yadda suka ga dama, suna auna baki a takardar da'ira suna gardama ko tulu ne ko shantali. Na uku ɗanyen yumɓu ne da igiya da kaba da totuwa, kowa ya mirgina ya gwada da na kwali. Wata yarinya da kakarta magina ce ta fi ni saurin gane ƙaiƙayi a karaya, yanzu ita ke duba na 'yan ajinsu.

Akwai kuma tari na huɗu da bai shiga aji ba. Cikin abin da na kwaso bisa rairayi, Inna ta ware kusan rabi ta ce na jiya-jiya ne, wasu ma ta rantse ginin maƙwabciyarta ne, ta gane yadda take naɗe baki. Na ce to me zan yi da su? Ta ce in bar mata, dama tana neman na dakawa, ɗiyarta ta gaji da yawon juji. Muka yi ciniki a kan za ta gina mini tulu biyu in sanyi ya wuce, ni kuma in biya kuɗin kara.